Ɗanɗanon Ƙasar Gidanmu

Bana ce shekarar farko a rayuwata da nake ganin hadari ya haɗo gabana ya faɗi. Mu da muka tashi a ƙauye, hadari babban baƙo ne, da murna ake tararsa, yara na tsalle, manya na hamdala. Amma tun da na ajiye aiki na samu lokacin zama, duk sa'ad da gabas ta yi duhu sai hankalina ya tafi wuri ɗaya: gidan mahaifinmu da ke can gefen Challawa, da tsohuwar katangarsa ta ƙasa wadda ta tsage tun daga sama har gindi, da Yayata da ke kwana a ɗakin da ke jingine da katangar, ta kuma ce ba inda za ta. Ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda muka sha nono ɗaya. Na ƙarar da ƙuruciyata ina zana wa mutane gine-gine, ina nuna musu yadda gini zai zauna lafiya da rana da iska da ruwa, ga shi an wayi gari ɗakin da ya fi kowanne daraja a wurina shi ne na rasa yadda zan yi da shi.

An yi mini walimar sallama a ofis kamar yadda aka saba. Aka sha lemo, aka ci cincin, waɗanda na koya wa riƙe fensir suka riƙa tashi suna zuba mini kirari kamar mai neman sarauta. Aka ba ni agogon bango, kyautar da har yau na kasa gane hikimarta ga mutumin da ya daina sammako. Ina murmushi ina godiya, amma zuciyata ta riga ta tsara abin da zan fara yi da hutun nan. Zan je gida in yaɓe wa Yaya katangarta da hannuna kafin ruwa ya sauka, da ƙasar kududdufinmu, yadda Baba yake yi. A lokacin na ɗauka tsagar katangar ce babbar damuwata.

A zamanin tashinmu ba kalanda ke gaya mana damina ta matso ba, sautin gari ne. Da zarar bazara ta yi zafi, zufa ta fara hana mutane barcin rana, sai ka ji diga tana sara a kududdufi tun da sanyin safiya. Jakuna na hawowa da mangala cike da jar ƙasa, masu korarsu na tsaki. A ƙofar kowane gida ga tsibin ƙasa an buɗe masa ciki an zuba ruwa, samari sun naɗe wando suna tattakawa, caɓal, caɓal, ana watsa musu busasshiyar ciyawa suna cuɗawa. Daga cikin gidaje kuma ƙarar turmi ce, mata na dakan ɓawon ɗorawa don makubar da za a shafe bango da ita, ruwa ya riƙa zamewa a kai. In an yi sabon ɗaki sai matan unguwa su taru su yi daɓe, madaɓai na sauka tare, waƙa na tashi, ana yi wa juna habaici, wadda aka taɓa ta rama a baiti na gaba. Yaya ce mai ɗauko mana ruwan kwaɓi daga rijiyar tsakar gida. Tana da bakin tsiya tun tana budurwa. In ta iso da tulu ta tarar na tsaya hutawa sai ta ce, "Auta, ƙafar taka ta ƙwai ce? Taka mana, ba a fafe gora ranar tafiya." Yanzu in ka shiga unguwar a irin wannan lokaci, abin da za ka ji janareto ne da ƙarar achaɓa da injin buga bulo.

Babanmu manomi ne, ba magini ba, sai dai a wancan lokaci kowane magidanci rabin magini ne. Yana da wata ɗabi'a da ba ya tsallakewa. Kafin a sara diga ko sau ɗaya, shi zai fara gangarawa cikin kududdufin, wanda rani ya busar har gindinsa ya daddare. Zai tsuguna ya tona da yatsa, ya murza ƙasar, ya sansana, sannan ya ɗora 'yar kaɗan a kan harshensa ya lumshe ido. In ta yi ƙasa-ƙasa a haƙori, yashi ya yi yawa, ba za ta kama ba. In ta manne a harshe kamar ƙullun koko, to ita ce. In kuwa ya ji gishiri-gishiri kamar kanwa, sai ya tofar ya matsa gaba, ya ce irin wannan ita ke cin gini ta gindi. Mu kuma muna daga sama muna ƙunshe dariya. Wata rana Yaya ta kasa daurewa ta ce, "Inna, ki bar dama kunun Baba, yau da ƙasa ya karya." Baba bai yi fushi ba. Ya ɗago ya dube mu ya ce, "Ku yi dariyarku. Abin da ba za ka iya sa wa a bakinka ba, kada ka kwantar da iyalinka a cikinsa." Daga baya ya gangarar da ni ya koya mini, har na iya bambance ƙasar gabas da ta yamma ido rufe.

Kada wani ya ɗauka jima da rini baƙi ne a wajenmu. Muna da majema a bakin gari, muna da marina, kuma warinsu ba na wasa ba ne. Amma da bagaruwa da toka da kashin tattabara suke aiki, abin da suka zubar ƙasa ta san shi, tana cinye shi. Ko sharar tasu ba ta zama asara. Gashin da aka kankare daga fata da katsin da aka kwaso daga gindin marina, su ake haɗawa a yi laso, a shafe rufin soro da shi, ya shekara da shekaru bai yi yoyo ba. Ni aka fi aika karɓo gashin, in dawo ina toshe hanci, Yaya na bina da kirarin angon majema.

Abin da ya sa ni a hanyar da na bi har na tsufa ya faru ne ina saurayi, gemu bai fito ba. Wata rana bayan la'asar hadari ya taso baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit, awaki suka shige rumfa da kansu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya kasa ɗauka, ruwa na zubowa ta kan rawanin soro. Da farko murna muke yi. Can sai Inna ta ga ruwan tsakar gida ya ƙi fita, yana ma dawowa ta zaure, ya fara lasar dokin ƙofar ɗakinta. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san ruwan sama ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya kwanta a gindin bango shi ke kayar da gida. Baba ya suri fartanya ya fita, na bi shi. Lungu ya zama rafi, ruwa har gwiwa. Muka bi shi har inda ya tsaya yana juyawa, sai ga dalili. Wani maƙwabcinmu ya faɗaɗa garkarsa a ranin nan, ya tare hanyar da ruwan unguwa ke bi ya faɗa kududdufi, ya yi shinge ya jibge taki. Ba wanda ya tsaya faɗa. Maza suka firfito da fartanya da sungumi, shi mai garkar ma yana ciki, ya fi kowa sara, yana salati. Ana cikin haka muka ji wata ƙara daga gangare, rim, ɗakin wata tsohuwa ya rushe ya zauna. Allah ya sa tana gidan 'yarta, awakinta ne suka tafi. Da shingen ya ɓalle, ruwan ya kwarara cikin ramin da wani irin ruri da har yau nake ji a kunnena. Muna tsaye muna kallo lungu ya fara janyewa, kududdufi na haɗiya, har ya cika ya batse.

Kafin magariba ruwa ya ɗauke, sai kwaɗi suka ɗauka. Ban san inda suke ɓuya duk rani ba, amma da ruwan fari ya taɓa gindin kududdufi sai su tashi gaba ɗaya, manya na gurnani, ƙanana na amsawa, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Baba na tsaye jiƙe sharkaf, fartanya a kafaɗa. Ya ce da ni, "Ka ji masu albishir. In sun yi kuka, rami ya sha, gida ya tsira." Ya nuna ramin da haɓa, ya nuna gidajen. "Kowane ɗaki da kake gani a nan daga cikin ramin nan ya fito. Gida da kududdufi tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su. Ka binne Hassan, to ka fara haƙa wa Husaini." Ina tsaye kusa da shi, haƙorana na kaɗawa don sanyi.

Karatu ya ɗauke ni daga ƙauye, ya kai ni inda ake koyon zanen gini. Na dawo da takarda da manyan kalmomi, amma in ka kankare su, maganar Baba ce a ƙasa. Na zana makarantu da ɗakunan shan magani da ofisoshi, kullum da bango mai kauri, da tagogi a sama inda zafi zai fita, da baranda mai inuwa, da darbejiya ta yamma, da wurin da ruwan rufi zai taru ko ya nutse. Na sha faɗa da masu kuɗi. Mutum zai zo yana son gilashi tun daga ƙasa har sama kamar wanda ya gani a hoto, in ce masa, Alhaji, wannan tanda ce za ka gina, ranar da aka ɗauke wuta za ka gasu. Wasu su ji, wasu su tafi wurin wanda zai ce musu to. Ina da taurin kai, na sani, har ana kirana Malam Ƙasa a bayan ido, ni kuwa sunan daɗi yake mini. Yaya ita Injiniya take ce mini. Na gaya mata ya fi a ƙirga cewa ni ba injiniya ba ne, ta ce duk wanda ke yawo da tef yana auna gidan mutane injiniya ne.

A idona kamfanoni suka tashi. Bompai ce babba, sannan Sharada, sannan suka gangaro mana Challawa, gonakin da muka yi kiwo suka koma dogayen katangu da bututun hayaƙi. Ba zan yi butulci in ce ba su yi rana ba. Jiniyarsu ta zama agogon gari, in ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi kamar fari. Mijin Yaya ma a wata masaƙa ya yi aiki a Sharada, da albashinta ya rufa wa iyalinsa asiri, ya aurar da 'ya'yansa. Mutane suka kwararo daga ƙauyukan Kano da Jigawa, har da 'yan'uwanmu na Nijar, kowa na neman ɗakin haya. Ɗaki kuwa sai da fili. Da filaye suka ƙare sai ido ya koma kan kududdufai. A fara zuba shara, a bi da tifar ƙasa, a daddale, dillali ya kafa turaku ya ce fuloti ne. Ba wanda ke bukatar ramin kuma, tunda bulo ake saya. Na yi magana a taro, na yi a rubuce, na yi a majalisar unguwa, har aka fara cewa ga mai kududdufi nan ya zo.

Rabin aikina na ƙarshe a unguwannin kamfanonin nan na yi shi, musamman na fata. Jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba, da magunguna ne masu ƙarfi da ake shigowa da su a durom. Aikina shi ne in tsara tafkunan da ruwan jima zai kwanta a ciki, dafin ya zauna a ƙasa, a tace, kafin a sake shi ya nufi kogi. Wasu an gina su, kuma sun yi aiki, na gani da idona na ji daɗi. Sai wutar lantarki ta fara wasan ɓuya, man janareto ya yi tsada, kuma duk mai kamfanin da ya zauna rage kashe kuɗi, injin tace ruwa ne farkon abin da yake kashewa, tunda ba ya kawo ko kwabo. Lambatu ya riƙa canza launi, yau shuɗi-shuɗi, gobe baƙi, jibi da kumfa a kai. Yanzu masaƙu da yawa sun rufe, ciyawa ta fito a bakin get, waɗanda suka yi aiki a ciki sun koma achaɓa. In ka bi ta Sharada da hantsi shirun wurin har tsoro yake ba ka. Sai dai kamfani yana iya kulle ƙofa ya tafi, abin da ya zuba a ƙasa ba ya bin sa.

Namu kududdufin ma bai tsira ba. An cike fiye da rabinsa, gidajen bulo sun hau kai sun zauna. Abin da ya rage wani ɗan rami ne a bayan katangarmu, kuma wani lambatu da ya fito daga wajen kamfanonin fata yana wucewa ta gefensa, in ya cika ya yi amai a ciki. Da ciwo ya kwantar da mijinta Yaya ta dawo da shi gidan Baba, bayan rasuwarsa ta ci gaba da zama a ɗakin Inna. Na yi na yi ta zo ta zauna da mu a Zawaciki, inda na gina ɗan gidana, ta ƙi. Ta ce ita ba kaya ba ce da za a ɗauka a ajiye.

Ranar da na je, da safe na isa, diga da kwando a bayan mota, na sa wata tsohuwar riga. Gari ya yi zafi mai nauyi, irin wanda ke gaya maka ruwa na hanya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗen garin dawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta saki dariya.

"A'a, Injiniya da kansa! Yau kuma me aka zo auna mana?"

"Ba awo na zo ba, Yaya, yaɓe na zo. Katangar nan ba za ta kai kaka a haka ba."

"Kai ɗin? Da wannan tumbin? To Allah ya ba da sa'a. In ka faɗi a ramin ka yi ihu da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Na zagaya baya na gangara a hankali, gwiwoyi na ƙara. Abin da na fara lura da shi shi ne ciyawa. Ta biyo gangaren har rabi, sai ta tsaya cak kamar an ja mata layi. Daga nan zuwa gindi ba kore ko ɗaya. Na sara diga, ƙasa ta buɗe, ja ce kamar yadda na san ta, sai dai da wani zare-zare mai ruwan toka a jikinta. A da in ka sara nan sai ka ga tsutsa na murɗawa, tururuwa na gudu da ƙwai a baki, wani lokaci ka tono kwaɗo ya yi lamo yana jiran damina. Na tona, na ƙara tonawa, ban ga abu mai rai ba. Na tsuguna na murza. Laushinta na nan. Na sansana, na ji wani abu kaɗan da ban so ba. Duk da haka hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗora ta a harshe na lumshe ido.

Kamar na lashi tsohon batir. Wani ɗaci mai ƙarfe-ƙarfe ya kama mini harshe, ya bi gefen baki yana zugi. Na tofar, na sake tofarwa, na goge da hannun riga. Na ce wataƙila nan ne kawai, kusa da lambatu. Na matsa gabas inda Baba ya fi so, na sara da zurfi har zufa ta rufe mini ido. Ita ma haka. Na gwada yamma, duk kanwar ja ce. Na zauna a kan kwandon ina haki, ina lallashin kaina. Ƙasa ai ba ta ƙare a duniya ba, sai in yi hayar tifa a kawo mai kyau daga nesa, a yi yaɓe, katanga ta tsaya. Ina cikin wannan lissafi na ji ƙarar guga ta bugi ruwa, fanjam, daga bayan katanga. Na ɗaga kai. Ta cikin tsagar nan ina hango Yaya a bakin rijiya tana jan igiya. Tsakanin inda nake zaune da rijiyar, ko ni da tsufana zan iya jefa dutse ya kai. Na yi shekaru ina gaya wa mutane cewa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar da ɗakin tsohuwar nan ya zauna.

Na hau na koma cikin gida ba diga ba kwando. Ta riga ta ɗora tukunya, tana zuba ruwan gugan a ciki.

"Har an gama? Ina ƙasar?"

"Yaya, ruwan nan, ba kya jin komai a cikinsa?"

Ba ta juyo ba. Ta gyara itace, ta hura wuta, sannan ta ce, "Ka sa ta a baki kenan, irin na Baba."

"Na sa."

"To kai yau harshenka ya ji. Ni da shi nake alwala." Ta miƙe tana dafa ƙugu. "Sabulu ya daɗe da daina kumfa. Randa in ta kwana sai ka ga zobe a wuyanta. Ka ga hannuna." Ta miƙo su. Bayansu ya yi fari-fari ya daddare, tsakanin yatsu ya yi ja. "Na ce ko tsufa ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, Auta, ni ma ba yarinya ba ce."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"In gaya maka ka yi me? Ka zana mini wata rijiyar a takarda?"

Maganar ta yi mini zafi, ta kuma gani. Ta sassauta murya ta ce wasa take yi. Na tuna mijinta, yadda ƙafafunsa suka kumbura a ƙarshe, likita ya ce ƙoda ce. A gidan nan ya yi jinyarsa, ita ke ba shi ruwa a baki. Na buɗe baki zan yi maganar, ta riga ni. "Kada ka fara. Malam kwanansa ne ya ƙare." Na bar maganar, don ban da tabbas, kuma ko ina da shi ba abin da zai dawo da shi.

"Yaya, don girman Allah ki tattara kayanki mu tafi Zawaciki. Yau ɗin nan. Ɗaki na nan a share."

"A ɗakin nan aka yanke mini cibiya. A nan na wanke Inna. Kai ma a nan na goya ka kana tsula mini fitsari a baya." Ta ɗauko muciya. "To ka ɗauke ni, mutanen lungun nan fa? Duk matan nan a rijiyar nan suke ɗiba, da goyonsu da na cikinsu. Motarka za ta ɗauke mu duka?"

"Zan riƙa aiko miki da ruwa. Ko 'yan garuwa su riƙa kawowa."

"'Yan garuwa a bayan lambatun nan suke tara, je ka gani. Ka aiko, ba zan ƙi ba. Ranar da motar ta lalace kuma sai in yi taimama in kwana da ƙishi ko?"

Na zauna a kan tabarma a rumfa. Ina kallonta tana talge, tana tuƙi, kafaɗunta da suka ɗauki tulu suna rawa kaɗan. Tausayi da haushi suka cika ni, haushinta, da na masu kashe inji, da na shekarun da na yi ina magana kamar mai wa'azi a kasuwa. Iska ta fara kaɗa ledojin da suka maƙale a jikin shinge. Ban lura da lokacin da gabas ta haɗe ba, sai da haske ya canza a tsakar gida.

Ta kawo tuwo da miyar kuka a kwanon Inna mai murfi, ta ajiye mini. Ta koma randa ta ɗebo ruwa a kwanon sha ta ajiye a gefe. Sannan ta zauna a kan kujerar tsugunno tana kallona. Tururi na tashi, ƙamshin daddawa ya cika rumfar, irin na gidanmu sak. Na dubi tuwon, na dubi ruwan. Maganar Baba ta dawo mini kamar yanzu yake faɗinta daga gindin rami. Ga iyalinsa kwance a cikin abin da na kasa riƙewa a baki.

"Ci mana, Auta," ta ce. "Ko tuwon gidan ubanka ma sai ka auna?"

Na wanke hannu, na yi bisimilla, na ci. Na ci sosai, don ta ga na ci. Da loma ta tsaya mini a wuya na ɗauki kwanon na sha, ina jin idonta a kaina. Ɗigon farko ya bugi indararo, na biyu ya bi, sai ruwa ya sauko, ƙamshin ƙasa ya tashi kamar ba abin da ya faru. Ina kallon tsagar katangar tana jiƙewa tana yin duhu. Bai daɗe ba ya ɗauke, ruwan fari ne, ya dai isa ya kwanta a gindin rami. Sai na ga Yaya ta karkata kai ta juya kunnenta mai ji wajen bayan gida, na kuma tarar ni ma abin da nake yi kenan. Muka saurara ko kwaɗi za su ɗauka. Indararo na ɗiga, wani janareto na ruri can nesa.

Ta jawo kwanon ta rufe sauran tuwon.

"Kada ka wahalar da kunnenka," ta ce. "Bara ma ba su yi kuka ba."